Kafin Ka Sayi Sabon Tobo, Ka Nemo Abin Da Ya Kashe Tsohon

Daga watan Oktoba zuwa Fabrairu mota ba ta san hutu ba a ƙasar Bakori. Masara da dawa da waken suya na fitowa daga Tsiga da Kabomo da Kurami, auduga ta nufi Funtuwa da Malumfashi, tumatir da rake su taso daga Ɗanja, ga kuma lodin hatsi na kasuwar Ɗandume. A daidai wannan lokaci ne hunturu ke sauka da ƙurarsa. Kaya ya fi ƙarfin mota, hanyar ƙauye ba kwalta, direba kuma yana son ya yi sawu biyu kafin magariba. To a nan ne za ka yi ta jin magana guda a gareji: "Ranka ya daɗe, ai tobo ne ya tafi. Sai dai a sayo wani."

Wani lokaci gaskiya bakanike ya faɗa. Sau da yawa kuwa tobon lafiyarsa ƙalau, laifin na wani ɗan tiyo ne da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In ma ya tafi ɗin, da wuya tobo ya mutu haka kawai. Akwai abin da ya kashe shi, kuma abin yana nan zaune cikin motar yana jiran sabon.

Tobo shi ne zugazugin inji. Yadda maƙeri ke zuga iska gawayi ya ƙara ci, haka tobo ke danna iska cikin inji don a ƙona mai da yawa, ƙarfi ya ƙaru ba tare da an ƙara girman injin ba. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke hanyar fita salansa ne ke juya ta farko, ta biyu ta zuƙo iska ta tura. Sandar nan kan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a ƙananan motoci har ta haura 200,000, alhali injin kansa bai fi 3,000 yake yi ba a tafiya. Hayaƙin da ke dukan fankar kan kai digiri 700 a injin gas, ya doshi 950 a na fetur. Duk wannan gudu da zafi, abin da ke raba sandar da ƙarfen da take ciki ɗan shafin baƙin mai ne kawai. Wanda ya riƙe wannan ya san maƙiyan tobo: gurɓataccen baƙin mai ko ƙarancinsa, ƙura, da zafin da ya wuce ƙa'ida. Kana da shi a Sharon mai rubutun TDI ko 1.8T a baya, da Galaxy mai TDI, da Kanta mai injin 4D34, da Hilux D-4D, da manyan motoci irin DAF da MAN da Howo, da wasu taraktoci. Sababbin motocin gida ma sun bi layi, irin Accord ta 2018 da Civic mai 1.5 da Marsandi C300.

A Turai in an ce an sauya wa mota fasali, yawanci matashi ne ya ƙara mata gudu don nishaɗi. Mu nan larura ce. Da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, wasu suka sauke injin gas suka ɗora na fetur. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lissafi ya sake juyawa, aka shiga maganar CNG. Ban da waɗannan akwai sauye-sauyen da muka saba da su har muka daina ɗaukarsu sauyi: an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, an fasa indomin salansa an sayar, an toshe EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji, an buɗe famfon injekta don mota ta ja, an ƙara sifirin don a ƙara buhu, an ɗora injin Beljiyam a kan tsohon wayarin. Motar haya da ta shekara biyar a hanyar Funtuwa zuwa Katsina, da wuya ka same ta yadda kamfani ya ƙera ta.

Saboda haka tambayar farko ba ta buƙatar sufana. Me aka taɓa a motar nan, kuma yaushe? Yaushe ciwon ya fara? Idan mota ta fara baƙin hayaƙi mako guda bayan an kai ta wajen mai injekta, ba sai an je wajen mai duba ba. Ka gaya wa bakanike gaskiya, har da aikin da wani gareji ya yi wanda kake jin nauyin ambata. Idan kuma hannu ka saye ta, ka nemi wanda ya tuƙa ta kafin kai. Tsohon direba ko yaron mota sun fi mai ita sanin abin da aka yi mata. Ni dai bakaniken da ya yanke wa tobo hukunci bai tambayi tarihin mota ba, bai kuma cire tiyo ya leƙa ba, ba na ba shi kuɗin kaya.

Daga nan sai hayaƙi, don shi ba ya ɓoye komai. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa. Ko iska ce ba ta isa, ko mai ne aka ƙara. Fara da filtar iska. A hunturu, motar da ke shiga masussuka ko take tsayawa bakin injin gurzar auduga kan toshe filta cikin 'yan makonni. Akwai ɗabi'ar da ya kamata a bari: a kai filta wajen mai faci ya busa ta da iska mai ƙarfi, ko a buga ta da taya. Takardar kan tsage ta inda ido ba ya gani, ƙura ta wuce kai tsaye ta riƙa cin fikafikan tobo da ringi. Ka ɗaga filtar ka haska fitila ta ciki; in ka ga ɗigon haske, ta gama aiki. Ka shafa yatsa cikin tiyon da ke bayanta. In ya fito da ƙura, to an daɗe ana ɓarna.

Idan filta lafiya, sai a bi hanyar iska daga tobo zuwa intakula mai sanyaya ta, zuwa inji. Nan ne mafi yawan "tobo ya tafi" ke ƙarewa. Tiyo ya tsage ta ƙasa, kilif ya saki, ko dutse ya huda intakula. Alamarsa mota ta rasa ƙarfi a hawa, ta yi baƙin hayaƙi, ka riƙa jin shuuu duk lokacin da ka taka totur. Inda iska ke zurara galibi za ka ga danshin mai da ƙura ta manne masa. Tsagar da ba ta bayyana sai iska ta cika tiyo, ga yadda ake kama ta: a kashe mota, a toshe bakin tiyon shiga tobo da murfi mai bawul ɗin taya, a ware tiyon numfashin inji don kada iska ta shiga cikin baƙin mai, a ba shi iska kaɗan, kamar 7 zuwa 10 a gejin mai faci, kada a wuce. Sai a yayyafa ruwan omo a kan tiyo da mahaɗai. Inda kumfa ta taso, nan ne kuɗinka ke fita.

Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, kuma a nan aka fi zaluntar tobo. E, tobon da sandarsa ta lalace yana zubar da mai. Amma lafiyayye ma yana zubarwa idan man da ya shiga ya rasa hanyar komawa. Man tobo da matsi yake shiga ta siririn bututu na sama, amma nauyinsa kawai ke gangarar da shi ta bututun ƙasa zuwa kaskon inji. Bututun nan ya lanƙwashe, ko gam ya toshe shi, ko an cika baƙin mai ya wuce geji, ko tiyon numfashi ya toshe, sai man ya nemi hanya ta cikin tobo. A motocin da aka canja wa inji an fi samun wannan, domin bututun asali bai dace ba, sai a yi dabara da tiyon da aka samu. Haka nan ringin da ya gaji kan cika cikin inji da iska ya hana man saukowa. Gwajinsa ba wuya: mota na sulo bayan ta ɗau zafi, ka kwance murfin baƙin mai ka aza shi a bakin ba tare da ɗaurewa ba. In rawa kaɗan yake yi, ba komai. In iska ta ture shi hayaƙi na bulbulowa, injin ne ke neman aiki, kuma sabon tobo ba zai hana shi shan mai ba. Wanda ke da gejin matsi ya auna kowace silinda. A injin 1.9 TDI kamfani ya ce sabo na ba da matsin bar 25 zuwa 31, ƙasa da 19 ya gaji, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 5.

Farin hayaƙi iri biyu ne, hanci ke raba su. Wanda ke yaji a ido yana warin gas, man ne bai ƙone ba: nozul, ko tayimin, ko hita da ta mutu in da sanyin safiya kawai yake yi. Wanda ke kamar tururi, ruwan lagireto na raguwa, kumfa na tasowa in an buɗe murfi da safe an tayar, gasket ne ko tof ya tsage.

Sai bayan duk wannan ake taɓa tobon kansa. A bar mota ta huce, a cire makulli a sa aljihu, a kwance tiyon shiga. Ka kama noti na tsakiyar fanka ka juya. Ya kamata ta juya sumul ba gurzawa. Ka girgiza ta gefe da gefe: ɗan motsi kaɗan ba laifi ba ne, gurbin mai ne, muddin fikafikan ba su taɓa bango ba. Yara da yawa a gareji da sun ji wannan motsin sai su ce "Oga, ya yi filo," alhali haka aka ƙera shi. Motsin da ke da haɗari shi ne na ciki da waje. In ka ja ka tura ka ji ƙwas-ƙwas, ya tafi. Sannan ka karanta fikafikan. Bakinsu ya cinye ya yi dakusasshe, ƙura ce. Sun lanƙwashe ko ɗaya ya ɓalle, wani abu ne ya faɗa ciki, noti ko guntun filta ko tsumman da aka manta. In aka buɗe aka ga sandar ta yi shuɗi, mai ne ya yanke mata. Danshin mai kaɗan a tiyo abu ne da aka saba. Wanda ke tsiyaya in ka karkata tiyon shi ne abin tambaya. Sauti ma shaida ne. Siririn fito in an taka totur ɗabi'ar tobo ce. Kukan jiniya da ke ƙaruwa kullum kuwa, ka tsayar da motar kafin gutsattsarin ƙarfe su shiga inji.

Akwai ciwon da masu Sharon da Galaxy suka sani sarai. Kana tafe da lodi daga Bakori, ka taka za ka wuce tirela, sai mota ta saki gaba ɗaya, ta ƙi wuce wani gudu komai takawarka. Ka tsaya ka kashe ka sake tayarwa, ta dawo garau. Wannan ba mutuwar tobo ba ce. Birenbos ne ya ga iskar da ke shiga ta saɓa da lissafinsa, sai ya rage ƙarfi don kare inji. A TDI mai ƙarfin doki 110 da waɗanda suka biyo bayansa, tobon na da ƙananan fikafikai masu motsi a ɓangaren hayaƙi. Baƙin toka kan daskare su maƙale. Abin da ke motsa su kuwa ɗan gwangwani ne mai sanda a jikin tobo, wanda siraran tiyon roba ke ja ta hanyar bawul ɗin da ake kira N75. Robar da ta shekara ashirin a zafin Arewa ta bushe ta tsattsage. Ka canja su duka, ka taɓa sandar ka ga ko tana tafiya ba cijewa. In ta cije, wanki tobon ke so, ba canji ba. Sensar iska da ke bayan filta ma kan kashe wa mota jiki a hankali. Ka kashe mota ka zare filoginta ka ɗan zagaya, in ta fi ja, ita ce.

Kuɗin sa mota a kwamfuta bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin tobo ba, amma a sani lamba kawai take bayarwa. P0299 na cewa iska ta gaza, P0234 na cewa ta yi yawa. Ba ɗayansu da ya ce a sayo tobo. Ka sa mai na'urar ya shiga mota a yi tafiya, a kwatanta iskar da birenbos ke nema da wadda ake samu. Wanda zai goge lamba ya karɓi kuɗi ya ce an gama, fitila kawai ya kashe maka. Abin takaici, a motar da aka fasa wa indomi fitilar nan kullum a kunne take, har wasu su liƙe ta da baƙin salatif, sai ranar da ciwo na gaske ya zo ba mai gani. Indomin da ya narke ya toshe salansa kuwa yana kwaikwayon mutuwar tobo daidai da daidai. A sassauta mahaɗar salansa kafin shi a gwada, in mota ta farfaɗo an gane.

Mafi munin gyaran gangar Abzinawa shi ne a ɗaure sandar gwangwanin nan da waya, don wai tobo ya riƙa bugawa kullum. Mota za ta ja kwana biyu kamar sabuwa. Amma sandar da aka ɗaure ita ce ke rage ƙarfin hayaƙin da ke dukan fanka in iska ta kai iyaka. Babu ita, tobo ya wuce gudunsa, gasket ya tashi, wani lokaci fistin ya tafi. Ɗan'uwansa shi ne buɗe famfon injekta a Kanta da manyan motoci. Kamfani bai sa hatimi a kan wannan noti don ado ba. Man da aka ƙara ba tare da ƙarin iska ba, rabinsa hayaƙi ne, sauran zafi. Gidan tobo ya tsage, kan fistin ya narke, ga kuɗin gas ana watsawa a titi. In famfo na son gyara, a kai shi inda ke da injin gwaji a saita shi da nozul ɗinsa bisa awo. Mai ƙaramar motar fetur da aka yi wa birenbos ƙarin wuta shi ma ya lura: masu rubuta irin waɗannan saituna suna lissafi ne da fetur mai lamba 95 ko 98, mu kuwa famfo ɗaya ne a gidan mai, abin da aka samu shi ake sha. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas a inji lokacin hawa, ka ɗaga ƙafa nan take, ka mayar da saitin asali.

Maganar tamostat na san zan sha musu. An gaji cewa wai na ƙasashen sanyi ne, da mota ta sauka daga Kwatano sai a cire a jefar, a haɗa fanka da makulli. Inji an ƙera shi ne ya yi aiki a kusan digiri 90, a Jamus yake ko a Ƙafur. In ya kasa kaiwa nan, birenbos na ɗauka har yanzu safiya ce, ya yi ta ƙara mai. Man da bai ƙone ba ya wanke bangon silinda ya tsinka baƙin mai, tokar kuma ta je ta maƙale fikafikan tobo da EGR. A wasu injina ma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar ruwa, in babu shi ruwan ya riƙa kewaye lagireto, mota ta tafasa a hawa. Motar da ke zafi tana da dalili: ƙaiƙayi da gashin auduga sun toshe saƙar lagireto da intakula, ruwan rijiya ya tara gishiri da tsatsa a ciki, murfin lagireto ya daina riƙe matsi, ko famfon ruwa ya cinye. A wanke saƙar daga baya zuwa gaba, a sa ruwan kulan na gaske, a mayar da tamostat. EGR ma wanki ya fi toshewa, musamman a motar da birenbos ke sa masa ido.

Baƙin mai shi ne ran tobo, kuma a nan ne muka fi yin tsimi. Man awo da ake ɗiba daga duro a bakin tasha, ba wanda ya san me ke ciki. Mai kauri mai lamba 40 zalla kan daɗe bai iso tobo ba da sanyin safiya, a lokacin sandar na juyawa a bushe. Ka bi abin da littafin mota ya ce. TDI na Sharon daga shekarar 2000, masu doki 115 da 130, mai ɗauke da lambar 505.01 suke so, in ba haka ba kamshaf ya cinye. Ƙananan injinan fetur masu tobo a nemi mai alamar API SP ko SN Plus. Tazarar juye da aka rubuta a Turai ba tamu ba ce. Can tun 2009 sinadarin sulfa a gas bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Mu mun daɗe doka ta yarda da 3,000, abin da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa a 2016 kafin ECOWAS ta amince da 50 a 2020. Ko man gidan mai ya gyaru, na jarka a hannun 'yan bumburutu yana nan da ruwa da kananzir. Ga ƙura, ga lodi. Motar haya a wannan yanki, kilomita 5,000 ya isa a yi juye, da sabuwar filta kowane karo. A kuma rage gam. Duk abin da ya tsatso waje in an ɗaura kasko, irinsa ya tsatso ciki, ya ɓalle ya toshe ragar famfon mai.

Sai halin tuƙi. Direbobi da yawa kan zuga totur sau biyu uku sannan su murɗe makulli, wai don batir ya ɗauka. Abin da ke faruwa shi ne ka tayar da tobo sama, ka yanke masa mai yana tsakiyar gudu. Wanda ya taso daga Zariya ko Gusau da lodi, ya bar mota ta yi sulo minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe, don man ya kwashe zafin. In ba haka ba ya toye a cikin bututu ya zama gawayi. Da safe a ba ta 'yan daƙiƙu, a tashi a hankali. A hawa kuma a rage giya. Jan kaya da babbar giya inji na gurnani shi ke dafa komai. Ba batun kuɗin gyara kaɗai ba ne. Kowa ya san abin da ake gudu idan mota ta mutu da almuru a wajejen Faskari ko Ƙanƙara.

Masu tambaya ko a ɗora tobo a injin da bai zo da shi ba, shawarata a'a. Injin tobo fistin ɗinsa daban ne, matsinsa daban, galibi da 'yan bututun da ke fesa mai ƙarƙashin fistin don sanyaya shi. Cire tobo daga injin da ya zo da shi ma asara ce, sai hayaƙi ba ja. In canji ya zama dole, a sayi inji da wayarinsa da birenbos ɗinsa tare, a adana rasit, a gyara lambar inji a takardun mota. Masu komawa CNG su fara canja fulogi da duba koyil, domin iskar gas ta fi fetur wuyar kamawa, rauninsu da ke ɓoye nan take yake fitowa da ɓarin wuta. A riƙa auna tazarar bawul, a kuma sani injin tobo mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda ba kowane kit ke yi masa ba. Tukunyar CNG na ɗaukar matsin bar 200. Wadda aka yi wa walda a bayan gida ita ce irin da ta fashe a wani gidan mai a birnin Benin a Oktoban 2024.

Wani abu da kowane direban motar gas ya kamata ya sani ko da bai taɓa gani ba: tobon da ya fashe kan tura baƙin mai cikin inji, injin gas kuwa yana iya ƙona shi kamar man tanki. Sai mota ta ɗauki ihu da kanta, hayaƙi ya turnuƙe, ka zare makulli ta ƙi mutuwa. Ka taka birki da ƙarfi, ka sa babbar giya, ka saki kuloci ta shaƙe. In ba hali, a toshe bakin iska da katako ko faranti mai ƙarfi, ba da hannu ko riga ba. Kada a sake tayarwa sai an zubar da man da ya taru.

To an bincika, tobo ya tafi da gaske. A tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna da tsohon a hannu, a dace lambar da ke kan ɗan allon jikinsa, ko Garrett ne ko KKK ko IHI ko Holset. Kamannin waje ba hujja ba ce; biyu kan yi kama, cikinsu daban. Ɗan Beljiyam a yi masa gwajin yatsa da ido a gaban mai shago, a yi magana kan kwanakin gwaji kafin a biya. Fikafikan da aka miƙe da filaya ba su ƙara daidaita ba, a wannan gudu kuwa 'yar karkata ta isa ta kashe sanda. In gidan tobon bai tsage ba, ana iya canja tsakiyarsa kawai, muddin an daidaita ta a inji tun daga kamfani.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wajen. A yi juye da sabuwar filtar mai da ta iska. A canja bututun mai na sama, ko a wanke shi har a ga haske ta ciki. A sauke intakula da tiyonta a wanke mai da gutsattsarin tsohon. Kada gam ya kusanci bakin bututun mai, gasket kawai. Kafin a ɗaura bututu a ɗura sabon mai ta ramin sama ana juya fanka da yatsa. A hana inji kamawa, a yi ta ba shi sitata har fitilar mai ta mutu, sannan a tayar a bar shi sulo minti biyar ba taka totur, ana duba yoyo. Gwajin farko a yi shi ba kaya, daga Bakori zuwa Funtuwa a dawo, a sake leƙa tiyo da mahaɗai. Bayan kilomita 1,000 a sake juye, sannan a koma lodi yadda aka saba.